Layin da Bai Sauka Ba a Ƙofar Makaranta

Laraba, 23 ga Oktoba. Aikin farko: buɗe ɗakin gwaji, goge tebura, ƙirga agogunan auna lokaci. Huɗu ne, sun cika.

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Malamin fiziks na makarantarmu, wanda ɗalibai suka fi sani da Malam Gangara, ya rasu ranar Litinin, sha huɗu ga watan nan, da ƙarfe biyu saura minti goma na rana. Motar yashi ce ta buge shi a ƙofar makaranta, yana tsaye a tsakiyar titi yana tsallakar da 'yan aji ɗaya. Babu ɗalibin da ya ji ko ƙwarzane. Shi kuwa bai kai asibiti ba. Shekararsa hamsin da takwas. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu.

Ni ne mai kula da ɗakin gwaji. Shekara goma sha huɗu ina jera masa kayan aiki kafin darasi, ina kwashewa bayan ya gama. Shugaban makaranta ya ce in rubuta ta'aziyya rabin shafi a manna a allon sanarwa. Ya ce in faɗi kyawawan halayensa, kada in taɓa maganar titi. Ya kuma tuna min, yana murmushi, cewa takardar aikina duk shekara ake sabunta ta, kuma watan gobe ne lokacinta. Sau uku na zauna in rubuta rabin shafin, ya ƙi fitowa. Wannan ne ya fito.

Malam, da kai zan yi magana, don akwai abin da na ɓoye maka.

Ranar da na fara aiki ka tambaye ni ko na san fiziks. Na ce sau biyu na zauna jarrabawarsa, sau biyu na faɗi. Ka ce to madalla, ka sami mota. Ban gane ba sai da aka shiga aji. Ka tsayar da ni jikin bango, ka ce wa ɗalibai su ɗauki takardar giraf, ka ce min, "Tafi a hankali. Tsaya. Ruga. Tsaya. Koma da baya." Ina kai da komo tsakanin tebura, yara na dariya suna zana tafiyata. Na ji haushinka ranar, na rubuta a littafina cewa ba don a mayar da ni abin wasa na nemi aiki ba. Amma da aka tashi ka zaunar da ni, ka shimfiɗa zanen wata yarinya, ka bi layin da yatsa: nan kana tafiya, nan ka tsaya kana sosa kai, nan ka ruga. Na ga kaina a kan takarda. Abin da shekara uku na sakandare suka kasa sa min a ka, ka sa min shi kafin shayinmu ya huce.

Duk wanda ya zauna a ajinka ya san dokarka. Kafin ka dubi layi, karanta abin da aka rubuta a gefen zanen. In an rubuta nisa, layin da ke kwance yana nufin abu ya tsaya cak. In an rubuta gudu, layin da ke kwance yana nufin yana tafe da gudunsa, bai ƙara ba, bai rage ba. In layin gudu ya hau, ana taka mai. In ya gangara, ana taka birki. Kalmar gangara da kake yawan faɗa ita yara suka liƙa maka, ka amsa sunan ba ka taɓa nuna ɓacin rai ba.

Kai ne ka zana jawabin shugaba a bayan takardar taron malamai. Nisa a gefe, lokaci a ƙasa, layi a kwance na awa biyu cur. Ka miƙo min ta ƙarƙashin tebur ina zuba ruwa a kofuna, sai da na fita waje da tari na ƙarya. Kai ne kuma, ranar da mai duba makarantu ya nuna ni da baki ya ce wancan masinjan ya kawo kujera, ka ce masa, "Abokin aikina ne. Shi ya san inda kowace waya take a ɗakin nan, ni ban sani ba." Da matata ta sha wuyar haihuwa aka nemi jini, da tsakar rana ka bar abincinka ka zo ka miƙa hannu, ka koma ka yi darasi biyu a zaune. Ba ka taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban gode maka yadda ya kamata ba, na ɗauka akwai lokaci.

Ba zan ce ba ka da aibu ba. Kana da taurin kai irin na masu sanyin murya. Kana sa mutum ya sake zane sau biyar saboda ya manta rubuta daƙiƙa. Kuma ka yarda cewa duk wanda aka nuna wa gaskiya da lissafi zai karɓa. Wannan yardar ce nake jin haushinta yau fiye da komai naka.

Ga yadda abin ya faro, ga waɗanda ba su sani ba. Bara aka gyara titin da ya bi ta ƙofarmu, aka faɗaɗa shi, ya miƙe sumul. Akwai allo da ya ce kilomita talatin a awa, amma babu tudun rage gudu ko ɗaya. Malam bai yi ƙorafi da baki ba. Ya ce in kawo fenti da tef na awo. Muka yi alama biyar a jikin katangar makaranta, tsakanin kowace da kowace mita hamsin, ta ukun daidai ƙofa. 'Yan aji biyar suka tsaya ta ciki da agoguna. In mota ta kai alamar farko sai a sauke tuta, duka su danna tare, kowa ya tsayar da nasa in ta iso gabansa. Mako uku muna wannan. Motoci sittin da uku muka auna. Huɗu ne kawai suka rage gudu a ƙofa, ɗaya daga cikinsu ma mai ne ya ƙare mata.

Sauran, daƙiƙa biyu da rabi suke cinye mita hamsin. Wato mita ishirin a daƙiƙa ɗaya, kilomita saba'in da biyu a awa. Malam ya zana shi da hannunsa a babbar takarda: gudu a gefe, lokaci a ƙasa. Ya ja layi da shuɗin biro, yadda ya kamata a ce mota ta yi, ya gangaro kafin ƙofa ya sake hawa bayanta. Ya ja wani da jan biro, yadda suke yi a gaske. Jan layin a kwance yake tun daga farko har ƙarshe, can sama, ko girgiza bai yi ba.

Malam ya so ya kai takardar, haɗe da wasiƙar neman tudun rage gudu, ofishin kula da hanyoyi da kansa. Ofishin a lokacin darasi yake buɗewa. Shugaba ya ce ba za a bar aji babu malami saboda takarda ɗaya ba, ga mai ɗakin gwaji nan yana zaune. Haka aka aike ni, ranar sha ɗaya ga Maris.

Awa biyu da minti ashirin na yi a kan benci. Mutumin da ke karɓar koke, mai hatimi, yana cin gyaɗa a cikin aljihun tebur. Bayansa takardun shaidar karatu uku a cikin gilashi. Bai karanta wasiƙar ba, zanen ya janyo. Ya sa yatsa a kan jan layin ya yi dariya.

Ya ce, "Kai, ni ma fa na yi makarantar nan. Layi a kwance, mota a tsaye take. Da hannunku kun nuna suna tsayawa a ƙofarku. To me kuma kuke nema, mu zo mu tura muku su?"

Malam, na sani. Wallahi na sani. Kalmar gudu tana nan a gefen zanen da rubutunka, tazararta da yatsansa ba ta kai taƙi ɗaya ba. Bakina ya buɗe. Sai na dubi gilasan nan uku, na tuna sau biyu na faɗi, na ce a raina watakila akwai wata doka da ban sani ba, watakila ni ne na juya abin. Ya buga hatimi, ya rubuta wani abu a kusurwa, ya ce na gaba ya matso. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na fito.

Da na dawo kana goge allo. Ka ce yaya. Na ce sun karɓa, sun ce za su duba. Ka yi murna kamar an yi maka haihuwa. Ka ce, "Ka gani? Lissafi ba ya buƙatar ihu." Ka ce kafin su zo za ka riƙa tsayawa a titi lokacin tashi, na ɗan kwana biyu ne.

Wata bakwai ka yi kana tsayawa. Duk Litinin sai ka tambaye ni ko an ji wani abu, in ce tukuna. Na ƙirga a littafina, sau ashirin da shida na ce maka tukuna. Kowane dare ina rubuta cewa gobe zan faɗa maka, kowace safiya in ga abin ya ƙara nauyi, don yanzu ba shiruna kaɗai zan faɗa ba, har da ƙaryar da na ɗora a kai.

Ranar da aka kai ka makwancinka, da muka dawo, na ɗauki tef na fita titi. Sawun taya na nan baƙi ƙirin, mita arba'in da ɗaya. Direban ya ce tun daga alama ta biyu ya hango ka, kuma na yarda da shi, don na ga yadda yake kuka. Mita hamsin ke tsakaninku. Ka koya mana cewa kafin ƙafa ta bar mai ta sami birki, daƙiƙa guda ta wuce. Mita ishirin sun tafi a nan. Saura talatin, motar kuma arba'in da ɗaya take bukata. Da a kan talatin a awa yake, mita goma sha biyar sun ishe shi ya tsaya, har ya leƙo ya gaishe ka. Sau uku na yi lissafin, na ba malamar lissafi ta duba ba tare da na gaya mata na mene ne ba. Ta ce daidai ne.

Saboda haka ina jin zafi in na ji ana cewa kwana ne ya ƙare, a yi shiru. Na yarda kwana ya ƙare, babu mai ƙara wa kansa numfashi ɗaya. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke wanda aka ba amana ya yi wasa da ita ba. Shugaba ya tsaya a gaban ɗalibai ya ce ka mutu jarumi. Ba jarumta ka nema ba, tudun siminti biyu ka nema. Mutumin da ya hana ka awa uku ka je ofis shi ne ya ba makaranta hutun yini guda don makokinka. Malaman da suke wuce ka a titi suna ɗaga maka hannu daga cikin mota, babu wanda ya taɓa cewa yau bari in karɓe ka, su ne yanzu suke tsara wanda zai yi jawabi. Jiya na ji wani a ɗakin malamai yana cewa ai kai ma da ganganci, dattijo da tsayuwa a titi. Na ajiye butar shayin na fita.

Daga nan ofishin na nufa, ban nemi izini ba. Mai hatimin na nan, gyaɗarsa na nan. Na ce ina son fayil ɗin makarantarmu. Ya ce wane ne ni. Na ce wanda ya kawo. Ya laluba ya fito da shi. A kusurwar wasiƙarka, da rubutunsa: an duba, motoci na tsayawa, babu bukata.

Na shimfiɗa zanen a kan teburinsa. Na ce, "Karanta min abin da ke gefen nan."

Ya ce, "Malam, ina da aiki."

Na ce, "Kalma ɗaya ce. Karanta."

Ya duba. Ya ce gudu. Na ce to layin yana kan lamba nawa. Ya ce ishirin. Na ce da mota a tsaye take, a kan sifili zai kwanta, can ƙasa. Wannan mita ishirin ne a kowace daƙiƙa, a ƙofar da yara ɗari shida suke fita. Wanda ya zana ya mutu a daidai tsakiyar layin nan kwana takwas da suka wuce.

Na ga ya gane, don goshinsa ya yi gumi. Na jira ya ce ya yi kuskure. Sai ya ɗago ya ce, "To kai da ka sani, me ya hana ka faɗa tun ranar?"

Mugun mutum ne, yana neman inda zai sauke kayansa. Amma tambayarsa daidai ce. Na ce ya ba ni kwafin wasiƙar da rubutunsa a kai. Ya ce sai an rubuto a nema. Na zauna a bencinsa na rubuta, na sa hannu, na sa ya buga hatimin karɓa. Ya ce in dawo Alhamis.

Yau da la'asar na je gidanka. Umma, matarka, tana zaune a tsakar gida da babbar 'yarku, masu gaisuwa sun ragu. Ta ce a kawo min kujerarka, na ce ƙasa ta ishe ni. Na faɗa mata duka, tun daga benci har sau ashirin da shidan, ban rage komai ba. 'Yarku ta tashi ta shige ɗaki.

Umma ta ce, "Wata bakwai."

Na ce, "Wata bakwai, Umma."

Ta ce, "Kullum sai na ce masa ya bar tsayuwar nan. Ya ce min takarda ta shiga, ƙanensa ne ya kai da hannunsa. Ƙanensa yake ce maka a gidan nan, ka sani?"

Ban sani ba. Na ce ta yafe min.

Ta ce, "Kada ka roƙe ni wannan yau. In na ce na yafe, ƙarya na yi, kuma ƙarya ta ishe mu haka. Wa ke tsallakar da yaran yanzu?"

Na ce babu kowa. Ta dube ni. Da zan tafi ta sa aka ba ni ruwa, na sha.

Malam, ina fushi da mai hatimi, ina fushi da shugaba, ina fushi da duk wanda ya ga dattijo yana tare motar yashi da tafin hannu ya ɗauka tsari ne. Ina fushi da kai da ba ka taɓa ce min in maimaita maka abin da aka faɗa a ofis kalma bayan kalma ba, kai da ba ka yarda da awo ɗaya sai an sake. Ka sake auna komai a duniya ban da maganata. Amma in aka jera mu, ni ne a gaba. Mai hatimi bai sani ba. Ni ka koya min, na sani, na yi shiru don kada wani mai taye a wuya ya yi min dariya.

Ga ɗaliban da za su karanta wannan a allo, in an bar shi ya kwana: abin da Malam ya koya muku ba na jarrabawa ba ne kawai. In kun karanta gefen zane kun tabbata, ku faɗa, ko wane ne a gabanku, ko da muryarku na rawa. Ga shugaba kuma: ranka ya daɗe, ka ce rabin shafi, ga shafi bakwai. Takardar aikina tana hannunka, na sani. Ina da 'ya'ya uku kuma ban iya wata sana'a ba. Ina jin tsoro. Duk da haka zan manna.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya haskaka shi. Allah Ya sa kowane yaro da ya tsallakar, da kowane kai da ya buɗe, su zama masa nauyi a ma'auni. Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, da 'ya'yansa huɗu, da 'yan'uwansa, da ɗalibansa na da da na yanzu. Allah Ya ba ku haƙurin da ba ni da bakin ce muku ku yi. Ya raya abin da ya bari, Ya tsare su. Ni kuma Allah Ya yafe min, Ya sa wata rana Umma ta iya. Amin.

Na gobe, Alhamis:

1. Kwafe wannan da kyakkyawan rubutu, kwafi biyu. Ɗaya allon sanarwa kafin ƙarfe bakwai, ɗaya a jakata, don za a yage na farko.
2. Faɗa wa matata tun da safe, kafin ta ji a bakin wani.
3. Jera wa 'yan aji biyar kaya. Ba su da malami, amma a jera.
4. Ofishin hanyoyi, ƙarfe goma. Karɓo kwafin. In ya ce in dawo, in zauna.
5. Kai wa Umma kwafin. Kada in sake roƙonta komai.
6. Ƙarfe biyu saura kwata, titi. Yau na je, na tsaya a bakin kwalta, ƙafata ta ƙi sauka. Gobe sai ta sauka.